Bagaruwa a Aljihun Baba

Ƙanena ne ya kira ni da hantsi, ina wurin aiki a Sakkwato, ya ce Baba ya fita sallar asuba bai dawo ba. Sun duba masallaci, sun bi gidajen maƙwabta, har maƙabarta sun leƙa. Na ce masa to. Ya jira in ƙara wani abu, ni kuwa na lalubi cikina ban samu abin ƙarawa ba. Na ƙarasa shayin da ke gabana, na nemi izini, na nufi inda ake shiga motar Bodinga. Bazara ce, irin wadda kwalta take fara laushi tun kafin rana ta take, kuma kowa ya san abin da ake tsoro in tsoho ya bar gida ba ruwa a irin wannan zafi. Kaina ya san haka sarai. Jikina ne dai ya ƙi karɓar saƙon.

Ni ne ɗan farin Baba, kuma a gidanmu alkunya da hannu biyu aka riƙe ta. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana son a kira ni, sai ya ce a kira wancan. In na durƙusa na gaishe shi, zai amsa yana kallon bango ko yatsun ƙafarsa, kamar na zo da sammaci. Ƙanena kuwa har kan cinya ya hau, da ya girma suka koma gardamar siyasa da ta ƙwallo a ƙofar gida. Kowa ya gaya mini al'ada ce, ba ƙi ba ne, kuma na yarda. Amma yarda ba ta hana wani wuri a cikina daskarewa ba, har na kai shekarun da ni ma ake gaishe ni a durƙushe ban san yadda ake hira da uba ba.

Mantuwa ta kama Baba a 'yan shekarun nan. Ya ci abinci ya ce ba a ba shi ba, ya kira jikoki da sunayen mutanen da suka daɗe a ƙasa. Abu ɗaya ne bai taɓu ba, gaisuwa. Zai gaishe ka tiryan-tiryan, gida da iyali da gajiya da zafi da kasuwa, ba tuntuɓe ko ɗaya, ka tashi kana rantsuwa lafiyarsa ƙalau. Wannan gaisuwar ce ta ja mana wahala a ranar.

Na iske Inna zaune a bakin ɗakinta da carbi, matar ƙanena kuma tana kuka a gindin murhu. Ƙanena ya riga ya bi hanyar Sakkwato a motar abokinsa, don wani ya ce ya ga tsoho a can. Na tambayi me Baba ya fita da shi. Inna, wadda ita ma ba ta kama sunana amma tsufa ya sa tana yi mini magana kai tsaye, ta ce ba komai sai buzunsa. Nan kukan matar ƙanena ya ƙaru. Ashe shekaranjiya ta ga buzun ya yi dauɗa, ta jiƙa shi da sabulu ta wanke tas, ta shanya a rana don ta kyauta wa surukinta. Da ya bushe sai ya ƙandare kamar faifai. Ta ce Baba bai yi faɗa ba, ya dai wuni yana juya shi a hannu.

Wannan buzu na fi sanin sa da fuskar mai shi, tunda shi nake kallo in ina gaisuwa. Tsohuwar fatar rago ce, gashin ya ƙare sai ɗan kaɗan a gefe, inda gwiwa da goshi suke sauka ya yi sumul yana ƙyalli. Na sha sayo wa Baba darduma mai laushi, ba ɗaya ba ba biyu ba. Kowace in na dawo sai in gan ta shimfiɗe a masallacin unguwa, shi kuma yana kan tsohuwar fatarsa. Na daina saye. Na sa a raina ko kyauta ta ɗan fari ma akwai alkunya a kanta.

Inna ta ƙara da cewa kwanan nan duk rigar Baba da aka ɗauko wanki sai an zazzage bagaruwa daga aljihunta, busassun 'ya'ya baƙaƙe da yake tsintowa a bayan gari. Sun ɗauka cikin ruɗewar tsufa ne. Ni ma haka na ɗauka. Na tura babur ɗin ƙanena waje, na sayi ruwan leda na zuba a jaka, na fara da inda na san ƙafar Baba ta fi sabawa.

Shagonsa yana kusa da tasha. Shekaru masu yawa ya yi a ciki yana sayar da kayan keke, da keke ya ja baya ya koma kayan babur: taya, sarƙa, birki, fulogi. Da ƙarfi ya ƙare aka saki shagon, yanzu wani magidanci ne a ciki yana cajin waya da sayar da kati. An shafe bango da shuɗin fenti, amma ƙusoshin da Baba yake rataye tayoyi suna nan a jere, an rataye wayoyin caji a jikinsu. Daɓen ma har yanzu da taswirar baƙin mai. Na tsaya ina kallon ƙusoshin kamar wanda aka aiko ya ƙirga su, sai da mai shagon ya yi mini sallama sau biyu.

Ya ce ai Alhaji ya zo da sassafe, sun gaisa sosai. «Yac ce min in kula da shago, za shi Dandin Mahe, in wani ya zaka neman sarƙa in ce mai sai gobe. Nic ce to, Alhaji, Allah shi kiyaye hanya.»

Na ce, «Ba ka ga ba shi da lafiya ba?»

Ya ce, «Wallahi ya hi ni iya gaisuwa. Kuma dattijo kamar wanga, ni wa da za ni tambayar shi ina za shi?»

Na tambayi yadda ya tafi. Wani ɗan kabu-kabu mai furfura, wanda ya tashi yana sayen fulogi a hannun Baba, shi ya ɗauke shi, ya kai shi har Dandin Mahe, ya ma ƙi karɓar komai don girmamawa. Haka aka yi ta miƙa mahaifina hannu zuwa hannu a ranar, kowa yana ganin ya yi abin kirki. Na kira ƙanena na ce ya juyo ya zauna da su Inna, na hau hanya.

A Dandin Mahe ƙanwar Baba take, Goggonmu. Lokacin cirar albasa ne, garin duk ya ɗauki warinta, ko'ina ka duba rudu ne, rumbun albasa, cike, mutane suna ware ruɓaɓɓu daga masu kyau a inuwa. A da, kafin ka kai ƙofar Goggo ƙanshin ƙuli-ƙuli ya riga ya danne na albasa. Ita ce mai man gyaɗan unguwar, daga ƙauyuka ake aiko da kwalabe. Ina yaro in an kawo ni hutu, nakan zauna ina kallon yadda take juya tunkuza a turmi tana ɗiga ruwan zafi har mai ya taso, ta miƙo mini ɗan dunƙule mai zafi ta ce in ci in yi ƙiba in daina kama da sandar makiyayi. Yanzu ƙatuwar tukunyar suyar tana kife a kusurwa, kaji sun mai da ita wurin hawa, turmin ya tsage an ɗaure shi da waya.

Goggo ba ruwanta da alkunya a kaina, sunana ta kira tun daga zaure, ta haɗa da tsiya, wai birni ya cinye ni bai bar mata ko ƙashi ba. Da na gaya mata abin da ya kawo ni sai dariyar ta tsaya.

«Ya zaka,» in ji ta. «Ya sha hura, munka gaisa lahiya lau, har niz zaci ya ji sauƙi. Yac ce in ba shi mai na sabon matsa. Nic ce mai, Yaya, ni da nib bar matsa tun maigida na da rai? Niz zuba mai na kasuwa cikin kwalba, yat tashi.»

Na ce me zai yi da man gyaɗa. Ta ce ita ma ba ta tambaya ba. Na ba ta labarin wankin buzu don dai in cika shirun, sai na ga ta ajiye mafici ta dube ni, ta dubi ƙasa. Ta tambaya ko yana tsintar bagaruwa. Na ce yana yi.

«Tahi Shagari,» ta ce. «Bakin inji.»

Na ce don me. Ta ce in tafi dai, rana tana yi. Na matsa, don raina ya fara ɓaci da wannan gida namu da kowa yake magana da rabin baki, ta ce ba a bakinta zan ji ba. Ta raka ni har zaure tana share ido da bakin zane. Na yi mata sallama kamar yadda ake yi, ina mamakin yadda hawaye yake zo wa mutane da sauƙi.

Bakin inji gidana ne, in ana maganar gaskiya. Da aka yaye ni, yayan Baba, wanda muke kira Bappa, shi aka ba riƙona, kamar yadda ake yi da 'ya'yan fari da yawa. Injin niƙa gare shi a Shagari, kuma a ƙararsa na tashi. Ƙorai da kwanonin gero da dawa a jere tun daga ƙofa har titi, kowa ya san nasa ba a rubuta komai ba. Gari a gira, gari a hanci, gari a cikin kunne, in muka fito da yamma kamar an tono mu. Bappa yana da wata ɗabi'a da ake yi masa tsiya a kanta: kullum da safe kafin ya tada inji sai ya kunna turaren wuta a kasko ya zagaye ɗakin da shi, kuma wanka da sabulu mai ƙanshi ba ya wuce shi safe da yamma. Na ɗauka don warin baƙin mai ne. Baba yakan zo ranar kasuwa a kan keke, ya gaisa da kowa har da masu jiran niƙa, ya tsallake ni da ido, ya bar wa Bappa ƙunshin alewa ba tare da ya ce na wane ne ba.

A wannan ɗaki na fara jin tarihin gidanmu, kuma gajere ne. Mu 'yan kasuwa ne tun kaka. Kakanmu attajirin fata ne a Kajiji, yana tura kaya birni. Daga nan sai Bappa ya ƙara wa inji wuta, maganar ta mutu. Kajiji ba nisa daga Shagari, amma ba a taɓa kai ni ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Bappa ya rasu da daɗewa, injin an sayar wa masu gwangwan, ɗakin ya zube. Abin da ya rage shi ne dakalin siminti da aka girke injin a kai, da ƙusoshin ƙarfe masu tsatsa a tsaye. Duk da haka in ka hau kabu-kabu ka ce bakin inji, nan za a sauke ka, ko da direban bai taɓa jin ƙararsa ba. Na kafe babur na matsa kusa. A kan dakalin akwai ɓarɓashin wani abu baƙi-baƙi da aka daka, da dutse a gefe.

Wani dattijo maƙwabcin Bappa, wanda ya san ni tun ina yawo da gari a ka, yana kishingiɗe a gindin dalbejiya. Bayan mun gaisa ya gama yi mini tsiyar tumbi, ya ce ai ubana bai daɗe da tashi ba, wajen azahar.

«Nan yaz zamna shina jiran bappanka shi zaka shi tada inji, wai a niƙa mai bagaruwa. Nic ce mai, Alhaji, mai injin ga ai ya riga mu gidan gaskiya. Yad dube ni, yas samu dutse yad daka abinai. Kai, ka ga hannu? Ɗan majemi dai ɗan majemi na, ko ya mance sunan garinsu.»

Na ce, «Ɗan wa?»

Ya tashi zaune. «Au, ba a hwaɗa maka ba? Kakanka ai jima yay yi har yam mutu. Shi ka jeme hwatun Kajiji da kewaye. Da yak kau, bappanka yat tattara komi yas sayar, da shi anka kahwa injin ga.»

Ya ba ni sauran a hankali, yana korar ƙuda, kamar labarin farashin gero. Su Bappa sun tashi ana toshe hanci in sun wuce, don jima sana'a ce mai wari, fata tana kwana a ruwan toka kafin a kankare ta, warin kuma yana bin mutum har masallaci. Da suka zo Shagari, da farko mata sun ƙi aiko da niƙa, wai garin tuwonsu zai ɗauki wari. Shi ne Bappa ya kama turare da sabulu, har mutane suka manta, shi kuma ya kasa dainawa. Ya hana a ambaci jima a gidansa, ƙannensa suka bi, aka mai da kaka attajiri.

Na tsaya ina jiran in ji wani abu, kunya ko fushi ko tausayi. Ba wanda ya zo. Abin da ya zo shi ne lissafi irin na mai neman ɓatacciyar akuya. Mai daga wurin Goggo, bagaruwa a niƙa wurin Bappa, shago an bar wa mai tsaro. Ashe Baba ba ɓata ya yi ba. Aiki ya fito yi, yana bin sana'o'in gidansu ɗaya bayan ɗaya yadda ya san su, sai dai duk sun mutu ba wanda ya tuna masa. Saura wuri ɗaya, Kajiji. Dattijon ya ce wata motar kasuwa ce ta ɗauke shi, direban har da buɗe masa gidan gaba. Ya ce in yi sauri, kuma kada in bari magariba ta same ni a daji, zamanin ba na sakin jiki ba ne.

A Kajiji na tambayi masu shago da 'yan kabu-kabu inda ake jima, suka ce su ba su san ana jima a garin ba. Sai wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta nuna mini da haɓa, bayan gari, bakin busasshen rafi, inda bagaruwa ta yi yawa. Na bar kwalta na bi turba, yashi yana kama tayar babur, shanu suna kwance a inuwa ko tashi ba su yi. A wannan ɗan tsakanin ne kawai na yi tunanin ƙila gawa zan tarar. Na yi tunanin wa zan fara kira, da inda za a samu mota, da ko akwai likkafani a gida. Haka kaina ya yi ta tsara abubuwa, ƙirjina shiru.

Gona ce yanzu, an share ta ana jiran ruwa. A gefenta, ƙarƙashin itatuwan, bakunan wasu manyan tukwane da aka binne suna leƙowa daga ƙasa, sun fashe, yashi ya cika su. Baba yana durƙushe kusa da ɗaya. Ya cire babbar riga ya ninke, ya naɗe hannun 'yar ciki, ya kife buzun a kan wani faffaɗan dutse yana murza masa mai da garin bagaruwa da tafin hannu. Leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Ban taɓa ganin damatsan Baba a waje ba sai ranar.

Na yi sallama. Ya ɗago ya dube ni, cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Ya amsa, ya gaishe ni tiryan-tiryan, gida da iyali da zafi da hanya. Nan na gane bai san ni ba. Na fasa ledar ruwa na miƙa masa, ya karɓa ya yi godiya, ya fara yayyafa wa fatar rabi sannan ya sha sauran. Na ba shi wata, ya shanye.

«Malam, in ba ka sauri, kama min nan,» ya ce.

Na durƙusa na kama gefe ɗaya, ya kama ɗaya, muka riƙa ja muna goga ta a kan dutsen, gaba da baya. Hannunsa ya san aikin, nawa bai sani ba, ya yi ta gyara mini riƙo yana cewa a hankali, ba da ƙarfi ake yi ba. Ya nuna mini tukwanen da haɓa, wannan ta toka ce, waccan ta bagaruwa, can kuma babansa yake zama. Ya ce shi aikinsa yana yaro tsintar bagaruwa ne, kafin rana ta yi zafi ya cika buhu. Yana magana yana dariya, haƙoransa da suka rage duk a waje. Ashe haka muryarsa take in yana hira.

Na ce, «Alhaji, wannan fata ai ta tsufa. Ba a sake wata?»

Ya tsaya da jan. «Wagga? Hwatar ragon sunan ɗana ta.»

Na ce wane daga ciki.

«Na hwarin,» ya ce, sai ya faɗi sunana. Sunan yanka, cikakke, yadda liman ya faɗe shi, ba gutsurewa. Ya faɗe shi da sauƙi kamar kullum yana faɗa.

Ban saki fatar ba. Na ji sunan ya shiga kunnena ya tsaya a wani wuri, bai ƙarasa ciki ba. Shi kuwa ya ci gaba. Ya ce fatar ta ungozoma ce bisa al'ada, ya roƙe ta ya musanya mata da wata. Ya ɗauko ta a ɓoye ya zo nan a kan keke, lokacin tukwanen ba su fashe ba, ya jeme ta da kansa, yayansa bai sani ba, da ya sani da an yi rigima. Tun da ya bar garin bai taɓa jima ba sai wannan, bai kuma sake ba.

«Ka san ba a ɗaukar ɗan hwari,» ya ce. «Sai ka samu abin da za ka ɗauka.»

Na tambaye shi, da muryar baƙo, ina yaron yake yanzu. Ya ce yana birni yana aikin gwamnati, ya sake faɗin sunan, ya ce ba shi da yawan magana, uwarsa ya biyo. Na ce ba ya sayo masa darduma ne. Ya ce yana sayowa, masu kyau, sai dai santsi gare su. Yana kai su masallaci, duk wanda ya yi salla a kai lada ta je wa mai sayen.

A nan ne ya kamata in ce Baba, ni ne. Kalmar tana bakina. Amma na san abin da zai biyo baya in ya gane: idon zai sauka, muryar za ta koma ciki, a bar ni da bango da yatsun ƙafa. Na ci gaba da ja. Fatar ba ta yi laushin kirki ba, sabulu da rana sun riga sun gama da ita. Wani ɗan gefe ma ya ɓalle ya zauna a hannuna. Baba bai lura ba, na sa shi a aljihu.

Da inuwa ta yi tsawo na ce masa hanyata ta bi ta Bodinga, in yana so in rage masa hanya. Ya ce fatar tana son ta kwana da mai. Na ce ta kwana a gida. Ya yi ɗan tunani, ya naɗe ta, ya sa riga, ya yi wa tukwanen wani kallo irin na mai rufe shago, ya hau bayana. Na tura wa ƙanena saƙo cewa an same shi.

Ban taɓa tuƙi a hankali kamar na ranar ba. Na gaya wa kaina don tsoho ne a baya. Ya dafa kafaɗata da hannu mai warin bagaruwa da man gyaɗa, buzun yana tsakaninmu, yana ta hira cikin iska. Da muka wuce Shagari ya nuna mini inda injin yayansa yake, ya ce in ina da niƙa in kai can, ba ya ha'inci. Ya ce ɗansa ma yana wurin, in na ga yaro siriri mai gari a ka shi ne. Ya kira sunan sau da yawa a hanyar nan, ban ƙirga ba, ina dai jin kowanne yana sauka a bayan wuyana. Ban yi kuka ba, ban ji daɗi ba, ban ji baƙin ciki ba. Abin da na sani kawai shi ne ba na son mu iso.

Mun iso ana shirin kiran magariba. Ƙofar gida cike da maƙwabta, ana ta hamdala. Ƙanena ya rugo ya riƙe babur ɗin, ya taimaka wa Baba ya sauka, yana cewa, «Yaya, ina kag gane shi? Yaya, sannu!» Inna ta leƙo daga zaure.

Baba ya dubi ƙanena, ya dubi Inna, ya juyo ya dube ni. Na ga lokacin da abin ya dawo masa. Idonsa ya sauka a hankali har kan yatsun ƙafarsa, ya gyara riƙon buzun a hammata, ya juya gefe. Ya tsaya haka kaɗan, sannan ya ce wa ƙanena, ƙasa-ƙasa, «A ba wancan ruwa, ya sha rana.»

Aka kawo mini a kofin silba. Na durƙusa a inda na saba durƙusawa, na shanye.